Daga teburin Tafawa Ɓalewa zuwa ma'aikatu huɗu: yadda aka tafiyar da sufuri da harkokin wajen Najeriya

A unguwar ma'aikatu da ke tsakiyar Abuja, ginin Ma'aikatar Harkokin Waje yana ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, na Ma'aikatar Sufuri kuma an raɗa masa sunan Zanna Bukar Dipcharima. Da an ga dama, sunan Ɓalewa zai iya hawa duka biyun. Ya shiga gwamnatin tsakiya a 1952 a matsayin ministan ayyuka, daga baya aka damƙa masa sufuri, kuma ranar da Najeriya ta sami mulkin kai a 1960 shi ne firaminista, shi ne kuma ke riƙe da harkokin waje da kansa. A hannunsa ayyukan nan biyu suka taɓa haɗuwa, daga nan kowanne ya kama gabansa.

Abin da na lura da shi cikin tarihin ma'aikatun biyu shi ne cutarsu ta sha bamban. Harkokin waje sun sami gida guda tsayayye, amma ikon yanke shawara kullum yana fadar shugaban ƙasa, kuma ana ta yanko ayyukan gidan ana kaiwa wasu wurare. Sufuri kuwa yana da kuɗi da kwangila da manyan hukumomi, sai dai bai taɓa zama a gida guda na dogon lokaci ba, yau a haɗa, gobe a raba. Matsalar takan fito fili ne a inda ayyukan biyu suka gamu, wato bakin iyaka da tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama, kuma mu da muke nesa da teku mu ne muka fi jin ta a jika.

Sufuri ya girmi harkokin waje nesa ba kusa ba. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuma gwamnatin mulkin mallaka ta nan ta fara nata layin daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907, ya shigo Kano a 1911. Layuka biyu ne na gwamnatoci biyu, kowace da lissafinta: ta Arewa tana son kaya su sauka Baro su bi ruwa, ta Kudu tana son su gangaro Legas. A 1912 aka haɗe su suka zama sashen gwamnati guda, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta a 1914. Wannan ya isa ya nuna wa mai karatu cewa dogo na cikin abubuwan da suka ɗinke Najeriya tun kafin a ɗinke ta a takarda. Sauran rassan suka biyo baya gwargwadon abin da ake son kwasa: Fatakwal zuwa Inugu saboda kwal, Zariya zuwa Jos saboda kuza, Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930 saboda gyaɗa da auduga da fatu. Duk wanda ya ga hoton dalar gyaɗa a Kano, to buhunan nan tarago suke jira.

Har tsakiyar shekarun 1950, jirgin ƙasa da tashoshin ruwa sassa ne na gwamnati kamar kowane ofis. Abin da suka tara baitulmali yake shiga, abin da za su kashe sai an rubuto an jira. A tashar Legas ma aikin a rabe yake: sashen jirgin ƙasa na kula da sauke kaya, sashen ruwa na kula da mashigar jirage, sashen ayyuka na kula da gine-gine. Zamanin da Ɓalewa ke ministan sufuri aka sauya wannan tsari. Dokar tashoshi ta 1954 ta haifar da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, NPA, wadda ta fara aiki a 1955, a shekarar kuma aka yi dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa. Manufar ita ce kowace ta sami hukumar gudanarwarta, ta riƙe asusunta, ta yi aiki kamar kamfani, minista ya tsaya ga tsara manufa kawai. Bashin farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya, dala miliyan 28 a 1958, na dogo ne, da shi aka ja layi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri a 1964. Daga nan tsohon layin ya tsaya a kan kilomita 3,505, kuma an ɗauki shekaru masu yawa ba a ƙara wani abin kirki ba.

Akwai wani abu da nake yawan tunawa game da wannan lokaci. A 1955 Ɓalewa ya je Amurka ya duba yadda ake jigilar kaya a kogin Misisifi, da niyyar a yi irin haka a Kwara da Binuwai. Yau hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, tana da hedikwata a Lokoja inda kogunan biyu suka haɗu. An yashe kogin, an gina sabuwar tasha a Baro, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2019. Amma tashar ruwa ba ta aiki sai da hanyar mota da ta dogo da za su ɗebe kayan, kuma waɗannan ba a hannun hukumar suke ba. Tasha ta wata ma'aikata ce, titi na wata, dogo na wata. Garin da ya fara aika jirgin ƙasa Kano ya zauna da sabuwar tasha yana jiran hanya.

Harkokin waje kuwa Birtaniya ce ta riƙe su har ranar ƙarshe. Ko da aka naɗa 'yan ƙasa ministoci a 1952, hulɗa da ƙasashen duniya ta ci gaba da zama a hannun Gwamna. Sai a 1957, shekarar da Ɓalewa ya zama firaminista, aka buɗe ɗan ƙaramin sashe a ofishinsa, aka ɗauki rukunin farko na jami'ai 12, aka tura su ofisoshin jakadancin Birtaniya su koyi aiki. Cikinsu akwai Aminu Sanusi na gidan sarautar Kano, wanda daga baya ya zama babban sakataren ma'aikatar. Ofisoshin da ƙasar ke da su a waje kafin 1960 'yan kaɗan ne, kuma daga cikinsu akwai na kula da alhazai a Khartum da Jidda. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin hajjin ƙafa. Kakanninmu sun daɗe suna ratsa Chadi da Sudan, wasu su shekara bakwai a hanya, wasu su zauna can ɗungurungum. Tun kafin Najeriya ta sami jakada a ko'ina, talakan da ke kan hanyar Makka ya riga ya tilasta wa gwamnati buɗe ofis a waje.

Ranar 7 ga Oktoban 1960 Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1961 Ɓalewa ya miƙa ma'aikatar ga Jaja Wachuku, da Nuhu Bamalli na Zazzau a matsayin ƙaramin minista. Amma kafin nan an riga an yi wani abu da ya nuna yadda sufuri da harkokin waje ke cuɗanya. Faransa na gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, cikin Aljeriya, kuma bayan gwaji na uku a ƙarshen 1960, Najeriya ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa shiga tashoshinta. Matakin ya burge Afirka. Sai dai waɗanda suka fara kokawa maƙwabta ne irin su Nijar da Chadi, domin kayansu ta Najeriya suke bi. Bayan 'yan watanni aka janye takunkumin jiragen, hulɗar jakadanci kuma ta ɗauki shekaru kafin ta dawo. A ganina matakin korar daidai ne, amma ya koyar da darasi tun da wuri cewa duk wanda zai rufe tasha don ya hukunta na nesa, ya fara tambayar wa ke cin abinci ta wannan tasha.

Daga wancan lokaci zuwa yau ma'aikatar tana nan guda. Ministoci sun zo sun wuce: Okoi Arikpo da ya riƙe ta tun daga yaƙin basasa har 1975, Joseph Garba, Ishaya Audu, Ibrahim Gambari, Bolaji Akinyemi, Babagana Kingibe, Sule Lamiɗo, Aminu Wali, har zuwa Yusuf Maitama Tuggar a 2023. Tana da jami'anta na dindindin da ke tashi daga ƙaramin mataki har su zama jakadu, kuma wannan ne ya sa take da ƙwaƙwalwar da wasu ma'aikatu ba su da ita. Amma manyan shawarwari a sama ake yanke su. Amincewa da gwamnatin MPLA a Angola a 1975, da jawabin Murtala a Adis Ababa a watan Janairun 1976, daga Barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin a Legas, suka fito. Haka ƙwace kadarorin kamfanin mai na Birtaniya, BP, a 1979. Haka yarjejeniyar miƙa Bakassi da Obasanjo ya sa wa hannu a 2006. Tsarin mulkin 1999 ya zayyana manufofin harkokin waje a sashe na 19, ya kuma ce sai Majalisar Dattawa ta amince kafin a naɗa jakada, amma zaɓen wanda za a naɗa da lokacin da za a naɗa shi na shugaban ƙasa ne. An ga haka ƙarara da aka kirawo kusan dukan jakadu gida a watan Satumban 2023, shekarar 2024 ta shige kakaf ba a naɗa sababbi ba. Ofishin da ba jakada yana ci gaba da buga biza da sabunta takardu, amma muƙaddashi ba ya samun ganin shugaban ƙasar da yake zaune a cikinta yadda jakada ke samu.

Ga kuma yankan da ake yi wa gidan. Leƙen asirin waje ya zama hukuma mai zaman kanta, NIA, a 1986. Aikin hajji, wanda aka kafa wa hukumar tarayya a 1975 kuma ya daɗe a ƙarƙashin inuwar ma'aikatar, ya koma hannun NAHCON da dokar 2006, ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa. Obasanjo ya ƙirƙiro ma'aikata daban ta haɗin kan Afirka a 1999, kafin a mayar da ita cikin uwar gidan a 2007. 'Yan Najeriya mazauna waje sun sami tasu hukumar, NiDCOM. Kowane ɗaya yana da hujjarsa, musamman hajji, da yake aiki ne na kuɗi da jigila da masauki wanda ya fi ƙarfin ɗan sashe a cikin ma'aikata. Amma ranar da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, ɗalibanmu, da yawansu 'ya'yan Arewa, suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar, yayin da aikin kwaso su ya rabu tsakanin ofishin jakadanci da hukumar agajin gaggawa da ta mazauna waje da rundunar sojin sama. An kwaso su, alhamdu lillahi. Iyayen da ke gida dai sun rasa wace ƙofa za su ƙwanƙwasa a waɗannan kwanaki.

Mu koma sufuri, inda labarin ya fi rikitarwa. Ko a shekarun baya-bayan nan kawai, duba yadda aka yi. A farkon 2007 Obasanjo ya haɗe ayyuka da sufuri da jiragen sama suka zama babbar ma'aikata guda. A ƙarshen 2008 'Yar'aduwa ya sake raba su. A 2015 Buhari ya mayar da jiragen sama cikin sufuri ƙarƙashin Rotimi Amaechi, Hadi Sirika na ƙaramin minista, ya kuma haɗa ayyuka da lantarki da gidaje a hannun Babatunde Fashola. A 2019 jiragen sama suka sake ficewa. A 2023 Tinubu ya ciro harkokin teku ya yi musu sabuwar ma'aikata, ya ba Adegboyega Oyetola, da ita NPA da NIMASA mai kula da jiragen ruwa da tsaron teku da hukumar hanyoyin ruwa suka tafi. Aka bar Sa'idu Ahmed Alkali da jirgin ƙasa da sufurin ƙasa, Festus Keyamo da sama, David Umahi da tituna. Abin da mutum guda ke iya hangowa daga teburi guda a shekarun 1950 yanzu ministoci huɗu ne ke riƙe da shi.

Wanda bai san aikin gwamnati ba zai ɗauka sauya allon suna ne kawai. A cikin ofis abin ya wuce haka. Duk rabuwa ko haɗewa na nufin sabon babban sakatare, sabon layi a kasafin kuɗi, rabon ma'aikata da motoci da ɗakuna, da kwasar fayil-fayil daga wannan bene zuwa wancan. Kwangilar da aka fara tattaunawa sai a sake bitarta, domin mai sa hannu ya canza. Daraktan da ya san tarihin wani aiki tun farkonsa yana iya faɗawa ɗaya ɓangaren, aikin kuma ya faɗa ɗayan. Watanni kan tafi kafin a daidaita, shi kuwa aikin dogo ko na tasha shekara goma ko ashirin yake ci.

Ɗauki kwantena guda ta ɗan kasuwar Kantin Kwari ka bi ta. Jirgi ya kawo ta Apapa: filin na NPA ne, amma tun 2006 kamfanoni masu zaman kansu ke gudanar da wuraren sauke kaya bisa yarjejeniyar haya. Kwastam, waɗanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, su za su duba su karɓi haraji. In za ta hau jirgin ƙasa, ta shiga hannun Ma'aikatar Sufuri. In tirela za ta ɗauka, wanda shi ne aka fi yi, titin na Ma'aikatar Ayyuka ne, facin ramukansa na FERMA, jami'an kiyaye haɗurra da za su tsayar da direba kuma, waɗanda aka kafa a 1988, fadar shugaban ƙasa suke amsa wa. Kowace jiha da ya ratsa tana da nata jami'an hanya da nata rasit. In aka ce a sauke ta a tashar tsandauri ta Kaduna ko ta Dala ko ta Funtuwa, kulawar ta Majalisar Masu Jigilar Kaya ce, wadda yanzu ke ma'aikatar teku, alhali amfanin tashar tsandauri ya rataya ne a kan dogon da ke wata ma'aikatar. Duk kwanan da kwantenar ta ƙara a hanya, a kan kuɗin yadin shadda yake sauka.

Rashin mai haɗa lissafi ba sabon abu ba ne. A 1975 hukumomin gwamnati, Ma'aikatar Tsaro a kan gaba, suka yi odar siminti tan miliyoyi, ninkin-ba-ninkin abin da tashar Legas za ta iya saukewa. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, ana biyan su kuɗin jira kullum, simintin wasu ya daskare a ciki, abinci da magani suka rasa hanyar shigowa. Rikicin ya ƙare a kotunan Ingila da Amurka, ya zama abin da jami'an harkokin waje da lauyoyin gwamnati suka yi shekaru suna fama da shi. Shi ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can a 1977. Kamfanonin gwamnati na jigila su ma ba su tsira ba: na jiragen ruwa da aka kafa a 1959 an rushe shi a 1995, Nigeria Airways da ya fara a 1958 ya daina tashi a 2003. Jirgin ƙasa kuma aka yi ta kawo masa masu magani daga waje, Indiyawan RITES daga 1979 zuwa 1982, kamfanin CCECC na Sin daga 1995. Kwamitin Oronsaye da ya ƙirga hukumomin tarayya 541 a 2012 ya ba da shawarar a haɗe wasu hukumomin jiragen sama, har yau kowace tana nan da shugabanta.

Ba inda ma'aikatun biyu suka yi karo mai ban tsoro kamar batun Umaru Dikko. Shi ne ministan sufurin Shagari daga 1979 zuwa 1983, bayan juyin mulki ya tsere Landan. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da likitan da ke lura da numfashinsa, aka nufi filin jirgin sama na Stansted inda jirgin kaya na Nigeria Airways ke jira. Abin da ya tsamo shi ƙa'ida ce ta aikin jakadanci: kayan da ba a taɓawa sai sun zo da alama da takardun da doka ta tanada, akwatunan kuwa ba su da su, don haka jami'an kwastam na Birtaniya suka buɗe. Gwamnatin soja ta musanta hannu a ciki. An ɗaure mutum huɗu, Isra'ilawa uku da ɗan Najeriya guda. A Legas aka tsare jirgin saman kamfanin Birtaniya, British Caledonian, ƙasashen biyu suka kori jami'an juna, kuma sai a 1986 hulɗa ta koma daidai. Jirgin sama ne aka fara kamawa da rikici ya tashi, kamar yadda aka yi a 1961, kamar kuma yadda aka gani a 2022 lokacin da kamfanin jirgin saman Dubai, Emirates, ya daina zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, ga kuma hana biza da Daular Larabawa ta yi. Wannan rikici ya shafi Babban Banki da ma'aikatar jiragen sama da ta harkokin waje da hukumar shige da fice a lokaci guda, 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai sari suka koma zagaye ta Adis Ababa da Alƙahira, kuma jirgin bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024.

Yanzu ga gwaji mafi girma a ƙofar gidanmu. An kammala sabon dogo mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, kuma a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Ni ina cikin masu ganin layin yana da ma'ana, domin Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja iyaka, kuma kayan Nijar da suka saba bi ta Kwatano da Lome za su iya bi ta Legas. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma sun sami damar gina dogo, abin da ya ƙara yawan masu hannu a ciki. Amma wannan layi rabinsa aikin injiniya ne, rabinsa aikin jakada. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyaka da yanke wuta har Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975 wadda yarjejeniyoyinta ne ke sauƙaƙa zirga-zirgar mutane da kaya. Ranar da taragon farko zai tsaya a Jibiya, sai an riga an san jami'in wace ƙasa zai duba kaya, a wane gefe, da wace takarda, da kuɗin da za a biya, da abin da za a yi in gwamnatocin biyu suka sake ɓatawa. Ma'aikatar Sufuri ce ke shimfiɗa ƙarfen, kwastam da shige da fice na wasu ma'aikatun ne, tattaunawa da Yamai ta gidan Tafawa Ɓalewa ce, umarnin rufe iyaka ko buɗe ta kuma daga fadar shugaban ƙasa yake fitowa.